Labaran Kunne da Allurar Kafireta

Shekara arba'in da ɗaya na yi a gidan mutumin nan ban kama sunanshi ba. Malam nake ce mashi, ko da yake karatunshi bai wuce na salla ba. Yanzu da ƙasa ta rufe mashi ido, ni kuma haƙora sun ƙare mani, zan faɗa: Labaran. A Kankiya kuwa ba wanda zai gane wanda kake nufi sai ka ce Labaran Kunne, bakaniken gindin bedi, wato bishiyar darbejiya.

Ɗan ƙauyen Fakuwa ne. Ubanshi manomi, kakanshi manomi. Shi kuwa yana saurayi motar gyaɗa ta lalace a bakin gonarsu, ya tsaya kallon masu gyara, da ta tashi ya yar da hauya ya bi ta. Ya yi karen mota shekara huɗu, sannan ya zauna a Kano hannun wani tsohon bakanike mai ido ɗaya ya koyi kwance inji. Shekarar da aka ba da mulkin kai ya dawo, akwatin sufanu a ka, gwangwanin madara guda a aljihu. A shekarar aka ɗaura mana aure. Ni na zaɓe shi da kaina. Sauran masu zuwa zance warin taki suke yi, shi warin fetur, na ɗauka warin arziki ne.

Gwangwanin nan na madara ya fi ƙaunarshi da ni, ko a gabanshi na faɗa. Cike yake da wasu 'yan ƙullutai na tagulla, ba su fi ƙwayar wake ba, kowane da huda a tsakiya. Jet ake ce masu, a cikin kafireta suke zama. Kafireta, yadda ya yi mani bayani, ita ke dama wa inji fura: ta haɗa mai da iska. In ta yi kauri inji ya shaƙe, in ta yi ruwa ya wuni da yunwa. Ta hudar jet ɗin nan mai ke wucewa. A wasu motocin kuma akwai allura, ita ma ta tagulla, wadda ke shiga cikin hudar tana hawa tana sauka, ta rage wa mai hanya ko ta buɗe mashi. Iyakar abin da na gane ke nan, shi ma ba duka ba.

Halinshi biyu ne a wurin aiki. Na farko kunne. Sai a tada mota a tsaye, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kai ƙotar kunnenshi, ya rufe ido. Ko mai tallan ƙosai ce ta zo wucewa sai ta haɗiye tallanta. Ya murɗa wani ɗan sukuru kaɗan, ya saurara, ya mayar rabin abin da ya murɗa, ya ce a kashe. Mota ta tafi lafiya. Na biyu tsari. In zai kwance kafireta ba ya yi a gindin bedi, sai ya shigo da ita gida, ya ɗauke mani faifai, ya jera kayan a kai. Na dama a dama, na hagu a hagu, kuma kowane inda ya fito nan zai koma. Faifaina nawa suka mutu da baƙin mai, Allah kaɗai ya sani.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, motoci suka cika hanya, sababbi ƙal. Aka buɗe garejoji a bakin titi da alluna masu fenti. Masu sababbin motoci can suke zuwa, don kada a gan su gindin bishiya. Abin da ya riƙe wa Malam suna a lokacin mota guda ce, motar Bube.

Bube Bafulatanin Kusada ne, mai safarar shanu zuwa Ikko. Shekarar da aka koma tuƙi hannun dama ya sayo wata tsohuwar mota ta Amurka a Kano. Launinta kore, doguwa, mutum ukku sai su kwanta a kan bonet ɗinta ba su taɓa juna ba. Fuloginta takwas. Sitiyarinta a hagu yake, Bube yana cewa tun da aka ƙera ta take jiran wannan doka. Ya sha sa maraƙi a kujerar baya. Duk garejojin nan masu fenti ba wanda ya yarda ya buɗe ta, don kafiretarta baki biyu ce, jet biyu, allura biyu, ba irin ta motocin da suka sani ba. Malam kaɗai ke taɓa ta. Direban da duk ya ga motar Bube ta bar gindin bedi tana tafiya kamar ana jan zare, gobe sai ya kawo tashi.

To, damina ce, shekarar da aka canza kuɗi. Bube ya kawo ta, wai tana warin fetur. Malam ya ciro kafireta ya shigo da ita, ya jera a faifai, ya ga wata takarda da ke tsakanin murfi da gindi ta yage. Ya ce sai ya je Katsina ya samo, kwana ɗaya zai yi. Ya rufe faifan da tsumma ya ɗora kan rumbu, ya ce kada in bar kaji su hau. Kaji ya ce. Bai ce ni ba.

Washegari sunan jikan maƙwabciyata Haulatu. Na yi wanka, na ɗaura zane, na ɗauko tandun kwalli, tsinken sa kwallin ya ce neme ni. Na kakkaɓe tabarma, na zazzage kwalla, babu. Mata suna ta wucewa suna kirana ta katanga. Ni kuwa ban shiga taro da ido fari kamar mai jinya. Sai na tuna na hango wasu 'yan sanduna biyu a faifan Malam. Na ɗaga tsumma. Ga su nan kwance, sirara, tsawon yatsa, sai ka ce don kwalli aka ƙera su. Na ɗauki ta dama.

Ina kai ta ido na ji ta karce ni. Na diba da kyau, ashe kusa da bakinta akwai wata 'yar gaɓa, inda kauri ya ƙare siranta ta fara. Na ce wannan maƙerin Amurka bai iya gama aiki ba. Na je wurin dutsen wasa wuƙa na goga ta, ina juyawa, har gaɓar ta kwanta ta yi sumul. Na sa kwallina, na je suna, Haulatu har tana tambayata wa na yi wa ado alhali maigidan ba ya gari.

Da na dawo na goge ta na mayar inda na ɗauka, dama a dama. Sai na ga tana sheƙi, 'yar uwarta ta yi duhu. Na ce ai wannan tonon asiri ne. Na kwashe su biyun na wanke da toka da tsamiya yadda nake wa tasa, suka fito kamar tagwaye. Malam ya dawo ya ɗaga tsumma ya tsaya. Na riga shi, na ce dauɗa ce ta yi masu yawa na wanke mashi. Ya yi ɗan faɗanshi, ya ce toka dai ba ta cin tagulla, amma in sake taɓa mashi kaya in gani. Maganar ta wuce. Ni ma har cikin raina na ɗauka ta wuce.

Ya haɗa kafireta ya ɗaura. Aka tada mota. Ya sa sukudireba a kunne, ya rufe ido, ya murɗa, ya ce a kashe, ta yi. Bube ya shiga ya kama hanyar Kusada. Kafin la'asar sai ga shi ya dawo, motar na tafe tana tari, baƙin hayaƙi na bin ta kamar an sa wa bola wuta. Ya ce tunda ya bar gari take shaƙewa, kuma ta shanye man da ke kai shi Kano.

Malam ya sa aka sake tada ta a tsaye. Lafiya lau, ko gardama babu. Ya saurara ta dama, ya saurara ta hagu, kunne ya ce mashi ba abin da ke damunta. Ya shiga da kanshi ya ja ta, ba su kai bayan gari ba ta fara. Ya kwance fulogai: huɗu baƙi ƙirin, huɗu fes. Ya jera su a ƙasa ya zauna yana kallonsu har aka kira magariba.

Daga ranar gidanmu ya rikice. Kullum da safe kafireta a kan faifai, da hantsi a kan mota, da azahar ta dawo faifai. Ya zazzage gwangwanin madara, ya sa jet mai ƙaramar huda a gefen da ke baƙi. Hayaƙi ya ragu, amma da an taka ta za a hau ɗan tudu sai ta yi atishawa ta mutu. Ya mayar da na da, hayaƙi ya dawo. Ya sa matsakaici, ta haɗa mashi duka biyun, hayaƙin da atishawar. Ya hura kowace kafa da bakinshi har leɓenshi ya saɓule. Allurai kuwa kullum sai ya ɗauke su da ladabi ya ajiye, ya mayar da su da ladabi, ta dama a dama. Su ne abin da ya fi kowane kyau a faifan, wa zai zarge su? Kuma duk lokacin da aka tada motar a tsaye, kunnenshi sai ya ce mashi ta yi.

A kwana na huɗu ya shigo ya zauna bakin murhu, ya ce mani ya gano abin da ya lalace. Na ce madalla, mene ne? Ya nuna kunnenshi. Ya ce motar ba ta ƙarya, tunda tana ciwo shi kuma yana jin lafiya, to kunnen ne ya mutu.

Na ce ya juya mani baya mu gwada. Na je bakin rijiya na ce a hankali, yadda ko kaza ba za ta ji ba, “Mai taurin kai.” Ya ce ya ji, kuma uwata ce mai taurin kai. Na ce to ga shi, kunne garau. Ya ce kunnen jin baƙar maganar mace daban, kunnen jin inji daban, na farkon ba ya mutuwa sai an binne mutum.

Aka shiga magani. Wanzami ya zo ya kwashe mashi abin da ya kwashe. Bube ya kawo man shanu daga rugarsu, na narka ina ɗiga mashi safe da yamma, har filo ya koma warin ƙwarya. Shi Bube nashi ganin daban ne. Ya ce ranar da ya fara kawo ta ya ajiye ta ƙarƙashin wata tsamiya a hanya ya yi salla, halan wani abu ya shiga. Ya karɓo rubutu a kwalba ya juye a lagireto. Haulatu ta ce baki ne, motar ta cika kyau. Ni kaina na yi zargin sabon kuɗi, na ce tunda aka canza shi komai ya canza, ƙila har fetur ɗin an sirka. Kowa na faɗin nashi, mota na hayaƙinta.

A kwana na shida ina bayan ƙofar zaure ina tankaɗe, na ji Bube yana cewa shi fa ba ya son ɓacin rai, amma in ranar kasuwa ta zo ba ta tashi ba zai sa a ja ta zuwa Kano. Malam ya ce ba sai an kai ga haka da shi a gari ba. Ya rantse, rantsuwa mai nauyi, in ranar kasuwa ta yi bai gane kanta ba ya bar kanikanci, ya koma Fakuwa ya ɗauki hauyar da ya yar. Bakaniken da ba kunne, in ji shi, ɓarnar kayan mutane kawai zai riƙa yi. Na san shi. In ya rantse ko uwarshi ta dawo duniya ba ta sauke shi. Kwana ukku suka rage.

Sai Bube ya tambaye shi, su waɗannan 'yan sandunan masu sheƙi fa, ba su lalacewa? Malam ya ce allura sai ta shekara ashirin ba ta ci ba. Ya ce duk hikimarta a wata 'yar gaɓa take kusa da baki. Wurin kaurin shi ke tare mai in ana tafiya a hankali, wurin sirantar shi ke sakin mai in an taka. Bambancinsu bai fi kaurin gashi ba. In mota na tsaye kuwa ba ruwan allura, ta wata kafa daban mai ke bi.

Rariya ta tsaya a hannuna. Gaɓa. Na ce a raina kai, ba dai ita ba. Abin da na goge ai bai kai ƙurar da ke kan farce ba. Motar da ke ɗaukar maraƙi da mutum shida, ƙarfe tun daga kai har gindi, a ce abin da na share don kada ya karce mani ido shi ya kayar da ita? Na ƙi yarda. Na yarda. Na sake ƙi. Da zan yi tuwo na zuba gishiri a ruwan tuwon na bar miya lami. In na faɗa kuma ba shi ba ne, na jawo wa kaina faɗa a banza, an ƙara da cewa matar Labaran Kunne na sa kwalli da kayan mota. In na yi shiru kuma shi ne, na kashe wa mutum sana'a. Kwana biyu ina wannan lissafin ina ɗiga mashi man shanu a kunnen da na fara zargin lafiyarshi lau.

Ana gobe kasuwa da safe na ga ya ɗauko buhu yana zuba sufanu a ciki. Ya aika Fakuwa a gaya wa wanshi a share mashi ɗaki. Gwangwanin madara ya ɗauka ya juya, ya ce in ba Haulatu ta riƙa auna gishiri. Faifai na nan gefe da kafireta a kwance.

Ni mai kaɗi ce tun ina ɗiya. Zare in ya bi ta yatsuna, ido a rufe na san inda ya yi kauri da inda ya sirance. Na tsuguna na ɗauki alluran biyu, na rufe ido, na mirgina kowace tsakanin babban yatsa da manuni. Ta hagu, yatsa na tafiya sai ya yi tuntuɓe da gaɓa. Ta dama kuwa ya zarce sumul har baki, aikina ya yi kyau.

Na ce, “Malam, kunnenka ba abin da ya same shi.”

Ya ce in bar shi ya ji da abin da ke gabanshi.

Na ce, “Ranar sunan gidan Haulatu da wannan na sa kwalli. Ta karce ni, na goga ta a dutse.”

Ya karɓe su ya fita tsakar gida inda rana take, ya haɗa su gefe da gefe, ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Ya ja farce a kan ta hagu, ya ja a kan ta dama. Ya daɗe. Na gyara tsayuwa ta wajen ƙofa, don ban san ta inda abin zai fito ba.

Ya ce, “Wane dutsen?”

Na nuna mashi.

Ya ce, “Idon ya yi kyau dai ko?”

Na ce, “Haulatu ta yaba.”

Ya sa ɗan yatsa a kunne ya kaɗa, ya dubi man shanun da ya fito, ya ce kwana huɗu ana soya mashi kunne kamar wainar gero. Sai ya zauna a ƙasa yana dariya, ba irin wadda ake taya mutum ba. Da ya gama ya ce irin allurar nan ko a Kano sai an dace, kuma gobe kasuwa.

Ya hura garwashi ya ɗora ƙarfen liƙi, ya narka dalma ya shafa wa wurin da na cinye. Ta yi ƙulu kamar kan ashana. Ya kama gogewa da samfefa, ya diba, ya goge. Ido ya kai inda zai kai ya tsaya, don shi ma ya ce ba ya iya ganin bambancin kaurinsu kuma bai yarda sun yi daidai ba. Ya kalli hannuna. Sannan ya miƙo mani su ba tare da ya dube ni ba.

Na shafa alli a yatsu kamar zan yi kaɗi, na rufe ido, na mirgina. Na ce da saura. Ya goge. Na ce da saura ta gefe guda, ta yi ciki. Ya juya ya goge. Sau ɗaya ya zarce, na ce ya cinye, ya ce ni ce dai na fara cinyewa, ya sake ɗiga dalma muka koma farko. Tun hantsi muke abu ɗaya har inuwa ta juya. Can na mirgina ta dama, na mirgina ta hagu, na sauya hannu, na rasa wadda na ɓata. Na ce mashi na rikice. Ya ce rikicewar yake nema.

Ya mayar da jet ɗin asali, ya haɗa, ya fita. Ina daga cikin gida na ji an tada ta, na ji ta tafi. A kunnena kukan nan ɗaya ne da na jiya da na shekaranjiya, ban ji wani bambanci ba. Na zauna da buhun sufanu a gabana, ban san ko in kwance shi ko in ƙara ɗaurewa ba.

Sai bayan la'asar ya shigo. Har Kusada suka je da Bube suka dawo. Ya zube fulogai takwas a kan faifaina, duka kalarsu ɗaya, ja-ja kamar gyaɗar da aka soya daidai. Ya ɗauki buhunshi ya zazzage. Ya ce in je in karɓo gwangwanin in har na riga na bayar. Ban bayar ba, na san ba inda za shi.

Bube ya tafi yana gaya wa mutane rubutu ne ya yi aiki. Wanzami ya ce shi ne. Direbobi suka ce kunnen Labaran ya dawo har ya fi da. Malam bai gyara wa kowa zance ba, ni ma ban ga dalilin da zan kai kaina kasuwa ba.

Ya ƙara shekaru masu yawa a gindin bedi. Daga baya kunnen ya yi nauyi da gaske, sai na yi magana sau ukku kafin ya juyo, wani lokacin ma na san da gangan ne. Bai koma Fakuwa ba sai gaisuwa. In aka kawo kafireta mai allura yakan shigo da faifai ya ajiye kusa da ni, ya tsaya yana kallon katanga kamar ba shi ya kawo ba. In mirgina in ce wannan ta ci, waccan da sauranta. Ya ɗauka ya fita, can in jiyo ana cewa a yi shiru Labaran zai saurara.

Har yau ban gane yadda kaurin gashi ke tsayar da mota ba. Ya yi mani bayani ya fi a ƙirga, da zane a ƙasa, da buta da tsinke, ina cewa to. Bayan abin da sati guda ya kawo mani tsinken kwalli daga kasuwa, na baƙin ƙarfe, mai kauri kamar ƙusa, ya ce wannan ko na goga shi shekara ba motar da za ta sani. Mummuna ne, kuma yana karce ido. Da shi nake sawa.